Tsara Ƙa'idojin Jiyya Masu Dogaro da Hujja Kan Cutar Soriyasis: Bayani ga Al'ummar Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Gabatarwa

Yankin noman rani na Kura da Bunkure, haɗe da Garun Malam, yana daga cikin wuraren da suka fi albarkar noma a Jihar Kano. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta Ruwan Kanya ya bi manyan magudanai da ƙanana, ya ratsa gonakin da aka tsara za su kai kimanin kadada 22,000 a kashin farko na shirin. Da wannan ruwa ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Manomin da ya wuni ƙafafunsa cikin ruwa, hannayensa cikin taki da maganin feshi, ga rana ga ƙaiƙayin shinkafa, ba baƙo ba ne ga ciwon fata. Bisa al'ada, duk ƙurji ko tabon da ya fito, wurin mai kyamis ake fara zuwa a sayi man shafawa. To amma a cikin cututtukan fata akwai wadda ba ta cika yawa ba, sai dai idan ta kama mutum tana tare da shi tsawon rayuwa, kuma maganin da aka yi mata bisa kuskure yana iya mayar da ita mai hatsari. Ita ce likitoci ke kira soriyasis.

A wannan shafi za mu bayyana mece ce wannan cuta, da yadda masana ke tsara ƙa'idojin jiyyarta bisa hujjojin bincike, sa'annan mu nuna abubuwan da ya wajaba a duba kafin a yi aiki da waɗannan ƙa'idoji a yanki irin namu. Sunayen magunguna mun bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali domin gudun kuskure.

Mece ce Soriyasis?

Soriyasis cuta ce da ke tasowa sakamakon ruɗewar garkuwar jiki, inda garkuwar ke tunzura fata ta riƙa sabunta kanta cikin gaggawa. A jikin mai lafiya, fata kan ɗauki kimanin mako uku zuwa huɗu kafin ta sabunta. A jikin mai soriyasis kuwa, hakan na faruwa cikin 'yan kwanaki, sai fatar ta taru ta yi tudu, ta yi ɓawo fari-fari mai zuba kamar dusa. Ta fi fitowa a gwiwar hannu da ƙoƙon gwiwa da fatar kai da ƙasan gadon baya, kuma galibi takan fito a ɓangaren dama da na hagu a tare. Takan ɓata farce, ya yi ramuka ƙanana ko ya ɗaga. A jikin farar fata tabon ja yake, amma a jikin baƙar fata yakan yi duhu ko toka-toka ko ruwan shuni, kuma bayan ya lafa yakan bar wurin ya yi baƙi ko fari na tsawon watanni.

Ba a ɗaukar wannan cuta ta hanyar musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciyar aure, ko shiga ruwan magudana tare. Akwai gado a cikinta, akwai kuma abubuwan da ke tayar da ita, kamar ciwon maƙogwaro, da rauni a fata, da damuwa, da shan taba ko barasa, da wasu magunguna. Wasu masu ita kan gamu da kumburin gaɓɓai, wanda idan aka yi jinkiri yakan lalata yatsu har abada. Haka kuma an tabbatar tana da alaƙa da ƙiba da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan cutar a shekarar 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi yawa a arewacin Turai, tana da ƙaranci a Afirka ta Yamma. Wannan ƙaranci yana da nasa illa, domin ma'aikacin lafiya na iya shafe lokaci mai tsawo bai gan ta ba, ran da ta zo masa sai ya ɗauke ta makero ko kirci ko amosanin kai.

Bambancinta da Kuturta

Babu ruɗanin da ya fi cutar da mai soriyasis kamar a ɗauka kuturta gare shi. Wannan kuskure tsoho ne. Turawa ma sun shafe ƙarnoni suna haɗa cututtukan biyu, har sai da likita Ferdinand von Hebra na birnin Biyana ya raba su sarai a shekarar 1841. Babbar alamar da ake dubawa ita ce ji. Tabon kuturta yakan mutu, ko an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji, alhali tabon soriyasis yana ji, yana ƙaiƙayi, yana kuma zubar da ɓawo. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tana warkewa sarai da magungunan da ake bayarwa kyauta. Soriyasis ba ta da ƙwayar cuta, ba ta kuma da maganin da zai raba mutum da ita har abada, amma ana iya kwantar da ita har fata ta koma sumul.

Saboda irin ƙyamar da masu cutar ke fuskanta ne Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a watan Mayun 2014, inda ya amince cewa soriyasis cuta ce mai tsanani wadda ba ta yaɗuwa, ya kuma buƙaci ƙasashe su yaƙi tsangwamar masu ita. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da cutar a duniya.

Ma'anar Ƙa'idojin Jiyya Masu Dogaro da Hujja

Ƙa'idojin jiyya kundi ne da ke nuna wa ma'aikacin lafiya yadda zai gane cuta, da maganin da zai fara da shi, da wanda zai koma idan na farko ya gaza, da kuma lokacin da zai tura mara lafiya gaba. A da, irin wannan kundi yakan dogara ne da ra'ayin manyan likitoci, kowa da abin da ya saba. Idan aka ce mai dogaro da hujja kuwa, ana nufin kowace shawara da ke ciki akwai gwajin da ya tabbatar da ita, an kuma faɗi ƙarfin wannan gwaji a fili.

Manoman yankin Kura ba sa buƙatar dogon bayani kan wannan. A Tashar Binciken Noman Rani ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, ba a yabon sabon iri da baki. Shuka shi ake yi kusa da tsohon iri, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, sa'annan a auna abin da kowanne ya bayar. Haka ake gwada magani. Ana raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa gida ɗaya sabon magani, ɗayan kuma tsohon magani ko ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da mara lafiya ko likitan da ke auna shi ya san wanda aka ba wa wanne ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga soriyasis, domin cuta ce mai lafawa da kanta ta kuma dawo. Wanda ya sha wani abu daidai lokacin da za ta lafa zai rantse shi ne ya warkar da shi.

Gwajin da ya kafa wannan hanya shi ne wanda aka buga a Ingila a shekarar 1948 kan maganin tarin fuka mai suna Streptomycin. A farkon shekarun 1990 malaman Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada suka yayata tsarin aikin likita bisa hujja, sa'annan a 1993 aka kafa ƙungiyar Cochrane domin tattara gwaje-gwajen duniya da tace su. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman da ke duba ingancin ƙa'idojin da take fitarwa. Game da soriyasis kanta, Jamus ta fitar da nata kundin mai dogaro da hujja a 2006, hukumar NICE ta Ingila ta fitar da nata a 2012, likitocin fata na Amurka kuma suka fitar da sabbin nasu kashi-kashi daga 2019 zuwa 2021. A nan gida, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta buga kundin ƙa'idojin jiyya na ƙasa karo na farko a 2008, ta sabunta shi a 2016, kuma soriyasis na cikin babin cututtukan fata na wannan kundi.

Matakan Tsara Ƙa'idojin

Duk inda ake son kundi mai inganci, matakan da ake bi kusan iri ɗaya ne:

1. Kafa kwamiti. Yakan ƙunshi likitocin fata da na gaɓɓai da na yara, da masana haɗa magunguna, da ma'aikatan jinya, da ma'aikatan lafiya a matakin farko, da kuma masu fama da cutar kansu. Kowane mamba sai ya bayyana ko yana da wata alaƙa ta kuɗi da kamfanin magani, domin sabbin magungunan soriyasis suna da tsadar gaske, kuma masu sayar da su na da ƙarfin faɗa a ji.

2. Tsara tambayoyi. Ba a tambayar wane magani ne ya fi kyau haka kawai. Ana fayyace wane irin mara lafiya, wane magani, idan aka kwatanta shi da wanne, kuma wane sakamako ake nema.

3. Amincewa da ma'auni. Akwai ma'aunin PASI da aka ƙirƙira a 1978, wanda ke auna faɗin wurin da cutar ta kama da kaurinsa da jansa da ɓawonsa, daga maki 0 zuwa 72. Akwai kuma DLQI na shekarar 1994, tambayoyi goma kan yadda cutar ta taɓa rayuwar mutum, daga maki 0 zuwa 30. Mafi sauƙin ma'auni shi ne tafin hannun mara lafiya haɗe da yatsunsa, wanda yake daidai da kimanin kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa.

4. Tattara bincike da tace shi. Ana nemo duk gwajin da aka yi, har da wanda sakamakonsa bai yi wa masu maganin daɗi ba, a ware mai inganci daga maras inganci. Gwaje-gwajen ƙuri'a da aka haɗa wuri ɗaya su ne kan gaba, sai bin diddigin marasa lafiya na tsawon shekaru, sai rahoton mutum ɗai-ɗai, ra'ayin ƙwararre kuma shi ne a ƙarshe.

5. Auna ƙarfin hujja. Tsarin GRADE, wanda aka soma aikinsa a shekarar 2000, ya kasa hujja mataki huɗu: mai ƙarfi, matsakaiciya, mai rauni, da mai rauni ƙwarai.

6. Yanke shawara. A nan ake ɗora amfanin magani da illarsa a kan sikeli, a haɗa da farashinsa, da samuwarsa, da abin da marasa lafiya suka fi so. Shawarar takan fito ko dai mai ƙarfi ko mai sharaɗi.

7. Bita da sabuntawa. Ana miƙa daftarin ga masanan da ba sa cikin kwamitin su yi masa gyara, bayan an buga kuma a sa lokacin sake dubawa. Misalin da ke nuna wajabcin haka shi ne allurar Efalizumab, wadda aka amince da ita domin soriyasis, amma aka janye ta daga kasuwa a 2009 bayan an gano tana jawo wata mummunar cutar ƙwaƙwalwa ga wasu masu amfani da ita.

Abin da Hujjoji Suka Tabbatar

Manyan kundayen duniya sun haɗu a kan cewa jiyyar soriyasis hawa-hawa ce kamar tsani.

Hawa na farko shi ne magungunan shafawa, kuma su ne ke wadatar da mafi yawan masu cutar. Ana fara wa da man da ke tausasa fata, sai man sitiroyid irin su Betamethasone, da man Calcipotriol mai dangantaka da sinadarin bitamin D, da man kwalta, da Salicylic acid mai cire ɓawo. Kundin Ingila ya ja kunne cewa kada a wuce mako takwas a jere ana shafa sitiroyid mai ƙarfi, mai ƙarfi ƙwarai irin Clobetasol kuma kada ya wuce mako huɗu. A fuska da hammata da matsematsi, mai sauƙi ake shafawa, shi ma na mako biyu kacal. Man da aka matso daga kan ɗan ali zuwa gaɓarsa ta farko ya isa shafe wuri mai faɗin tafin hannu biyu.

Hawa na biyu shi ne gashi da wani haske na musamman a asibiti, sau biyu ko uku a mako.

Hawa na uku shi ne magungunan sha, waɗanda ake komawa gare su idan cutar ta wuce kashi 10 cikin 100 na jiki, ko ta kama gaɓɓai, ko ta hana mutum sana'arsa. Methotrexate ne kan gaba, sai Ciclosporin da Acitretin.

Hawa na huɗu shi ne alluran zamani da suka fara fitowa a farkon shekarun 2000, irin su Adalimumab da Ustekinumab da Secukinumab, masu toshe daidai sashen garkuwar jikin da ya ruɗe. Gwaje-gwaje sun nuna sun fi saura share fata, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin jama'a.

Daidaita Ƙa'idojin da Yanayin Kura da Bunkure

Irin da ya yi albarka a wata ƙasa sai an gwada shi a Kadawa kafin a raba wa manoma. Mafi yawan gwaje-gwajen soriyasis a Turai da Amurka aka yi su, kuma baƙaƙen fata kaɗan ne a cikinsu. Ba dole ba ne jiha ko ƙasa ta sake gwaje-gwajen daga tushe. Hanyar da masana suka amince da ita ita ce a ɗauko ingantaccen kundi, a bi shawarwarinsa ɗaya bayan ɗaya, a tambaya ko kowace ta dace da mutanen wurin. A ganinmu, ga abubuwan da duk mai wannan aiki ya kamata ya sa a gaba:

Launin fata. Ma'aunin PASI yana ba da maki ga jan tabo, ja kuwa ba ya fitowa sosai a baƙar fata, don haka ana iya raina cutar da ta yi tsanani. Kundin da za a yi aiki da shi a nan sai ya ƙunshi hotunan baƙar fata, ya kuma koya wa ma'aikaci ya lura da kauri da ɓawo da faɗi. Tambayoyin da suka shafi rayuwa kuma a yi su da Hausa, a kan abin da ya dami mutanenmu: ko ana gudun musafaha da shi, ko wanzami na ƙin yi masa aski, ko cutar ta hana shi shiga gona, ko ta kawo cikas a maganar aure.

Cututtuka masu kama da ita. A wurin da ake wuni cikin ruwa, makero da cin ruwa da ƙazuwa da kumburin fata na taki ko maganin feshi sun fi soriyasis yawa nesa ba kusa ba. Shafa sitiroyid a kan makero ƙara masa faɗi yake yi. Saboda haka babin gane cuta ya kamata ya fi na kundayen Turai faɗi. Duk wanda cutar ta taso masa farat ɗaya da ƙarfi kuma, yana da kyau a ba shi shawarar gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin takan tsananta soriyasis.

Rauni a fata. Tun a shekarun 1870 likita Heinrich Köbner na Jamus ya lura cewa soriyasis na fitowa a daidai inda fata ta ji rauni. A nan wannan ya shafi yankan lauje, da karcewar ganyen shinkafa, da tsagar wanzami, da ƙaho, da kuma dirzar ɓawon da soso ko dutse. Sanyin hunturu ma yana busar da fata ya tsage ta, don haka a lokacin ne man kaɗanya ko basilin suka fi amfani. Tausasa fata suke yi, ba sa maye gurbin magani.

Zazzaɓin cizon sauro. Inda ruwa ke kwance rani da damina, sauro ba ya yankewa. An san kulorokwin da danginsa na iya tayar da soriyasis. Tun a 2005 Najeriya ta sauya shi da magungunan haɗi na ACT, kuma waɗannan ne ya kamata mai soriyasis ya sha bayan gwaji. Wasu magungunan hawan jini, irin su Propranolol da Atenolol, su ma sukan tsananta ta, don haka sai likita ya sani.

Hanta. Methotrexate yana da araha kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma yana iya taɓa hanta da ɓargo. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Bugu da ƙari, tsargiya cuta ce sananniya a yankunan noman rani, kuma nau'inta na hanji yakan yi wa hanta lahani. Saboda haka gwajin jini da na hanta kafin farawa, da maimaita shi lokaci-lokaci, sharaɗi ne da ba a sassautawa. Inda babu ɗakin gwaji, ba a fara wannan magani.

Kuskuren sha. Sau ɗaya a mako ake shan Methotrexate. Shan sa kullum ya yi sanadin mutuwar mutane a ƙasashe da dama. Ga wanda ba ya karatun boko, sai a ɗaura masa shan maganin da ranar da ba zai manta ba, kamar Juma'a ko ranar kasuwar garinsu, a kuma sanar da wani na gidansa. Har ila yau, haɗa shi da Septrin, wanda ake saye a kyamis domin tari ko gudawa, yana iya durƙusar da ɓargo.

Juna biyu. Methotrexate da Acitretin suna nakasa ɗan tayi. Macen da ta sha Acitretin sai ta jira shekara uku bayan dainawa kafin ta ɗauki ciki, don haka bai dace da mafi yawan matan da ke shekarun haihuwa ba. Wannan magana ce da ake yi da mace tare da maigidanta tun kafin a rubuta magani.

Sitiroyid na sha da na allura. Wannan shi ne babban hatsarin da ke kusa da jama'a. Prednisolone da Dexamethasone sukan share tabon cikin 'yan kwanaki, mara lafiya ya yi murna, amma da zarar an daina sai cutar ta dawo fiye da da, wani lokaci jiki duka ya yi ja yana saɓa, ko ya feso da ƙuraje masu ruwa tare da zazzaɓi. Manyan kundaye ba su sa su cikin magungunan yau da kullum na soriyasis ba. Haka nan mayukan bilicin da mayukan nan masu haɗin magani uku, da yawansu na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi wanda ke sirantar da fata idan an daɗe ana shafawa.

Alluran zamani da gashin haske. Alluran na iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, Najeriya kuwa na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, don haka gwaji kafin farawa dole ne. Suna kuma buƙatar firiji mai sanyin maki 2 zuwa 8 ba yankewa. Gashin haske kuma yana nufin tafiya asibiti sau biyu ko uku kowane mako na tsawon makonni, abin da ke da wuya ga manomi a lokacin dashe ko girbi. Kundin da bai lissafa kuɗin mota da ranakun aikin da za a rasa ba, a kan takarda zai tsaya.

Rabon Aiki Tsakanin Asibitoci

Kundi mai amfani yakan fayyace aikin kowane mataki. A ɗakin shan magani da cibiyar lafiya ta matakin farko, aikin ma'aikaci shi ne ya yi zargin cutar, ya gwada ji a tabon domin kawar da kuturta, ya ba da man tausasa fata, ya tura gaba domin a tabbatar. A babban asibiti, kamar na Kura, likita kan tabbatar da cutar, ya tsara magungunan shafawa, ya auna hawan jini da suga, ya duba gaɓɓai aƙalla sau ɗaya a shekara. Fara magungunan sha da allurai kuwa aikin ƙwararrun likitocin fata ne, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Yara da masu juna biyu da masu kumburin gaɓɓai a tura su da wuri. Wanda jikinsa duka ya yi ja, ko ya feso da ƙuraje masu ruwa da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar.

Haka kuma, rubuta kowane mara lafiya a rajista, da maganin da aka ba shi da abin da ya biyo baya, shi ne hanyar da yanki ke tara hujjar kansa, wadda za a yi amfani da ita ran da aka zo sabunta kundin.

Shawarwari ga Jama'a

1. Tabon da ya wuce wata guda yana ɓawo bai warke ba, a kai shi asibiti.
2. Kada a sayi sitiroyid na sha ko na allura domin ciwon fata ba da takardar likita ba. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke farat ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali.
3. A tafi asibiti da kwalaye da kwalaben duk abin da ake sha ko shafawa, har da na gargajiya.
4. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowane magani.
5. A sa takalmin roba da safar hannu wurin aikin ruwa da feshi, a guji tsaga da dirza.
6. Mai shan Methotrexate ya faɗa wa duk ma'aikacin lafiya ko mai kyamis da zai ba shi wani magani.
7. Iyali da maƙwabta su sani cewa cutar ba ta yaɗuwa, babu dalilin ware wa mai ita kwano ko tabarma.

Kammalawa

A watan Mayun 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya sake zartar da ƙuduri, wannan karon kan cututtukan fata baki ɗaya, inda ya buƙaci ƙasashe su ƙarfafa gano su da jiyyarsu tun daga matakin farko. Ga yankin Kura da Bunkure, ma'anar wannan ita ce ma'aikacin da ke ƙaramar cibiya ya samu jagora a rubuce, wanda aka gina kan gwaji, aka kuma auna shi da ruwa da sauro da hunturu da aljihun mutanen da yake yi wa aiki. Muna kira ga duk wanda ya ga alamun da muka zayyana a jikinsa ko a jikin wani nasa da ya tuntuɓi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.